Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Yadda Ƙabilar Tilingit Take Aiki Da Masu Ɗaukan Sinima

A can arewa maso yammacin nahiyar Amurka, cikin jihar Alaska, inda ƙasa ta tsattsage ta zama tsibirai a bakin tekun Pasifik, akwai wani gari da ake kira Sitka. Mutanensa ba su kai dubu 9 ba. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran garuruwa, wanda duk zai shiga sai ta jirgin ruwa ko ta jirgin sama. Ruwan sama yana zuba a can rani da damina, daji kuma ya rufe duwatsu har bakin gaɓa. Garin nan yana cikin tsofaffin mazaunan ƙabilar Tilingit, waɗanda suke kiran kansu Lingit, wato "mutane".

Yau shekara fiye da 100 ke nan baƙi suna zuwa wurin nan da na'urar ɗaukan hoto a rataye. Da yawa sun ɗauka sun tafi, masu gida ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Kaɗan daga cikinsu sun zauna, sun nemi izini, sun yi aiki tare da ƴan gari. Ga labarin waɗannan kaɗan ɗin, da dalilin da ya sa Tilingit suka tsaya kai da fata a kan sharuɗɗansu.

Ɓangare biyu, zuri'a da yawa

Kafin mai karatu ya gane abin da ke tsakanin Tilingit da masu sinima, sai ya san yadda zamansu yake. Ƙabilar duka ta kasu gida biyu. Ɓangare ɗaya ana kiransa Hankaka, ɗayan kuma Mikiya, a wasu wurare a ce Kyarkeci. Yaro yana bin ɓangaren uwarsa, ba na ubansa ba. Bisa ga al'adar kaka da kakanni, Hankaka ba ya auren Hankaka, sai ya je gidan Mikiya. Cikin kowane ɓangare akwai zuri'o'i, cikin kowace zuri'a kuma akwai gidaje. A Sitka, manyan zuri'o'i sun haɗa da Kiks.ádi, na ɓangaren Hankaka, masu tambarin kwaɗo, da Kaagwaantaan, na ɗaya ɓangaren, masu tambarin kyarkeci.

Ɓangarorin nan biyu kowane yana bukatar ɗan uwansa. In aka yi rasuwa a gidan Hankaka, mutanen Mikiya ne suke ɗaukan nauyin gawa, su ne suke lallashin masu makoki. Bayan wani lokaci, sau da yawa shekara guda, sai masu rasuwa su kira babban taro mai suna ku.éex', su ciyar da waɗanda suka taimake su, su raba musu kyauta, a share hawaye. A wurin taron nan, in ɓangare ɗaya ya yi jawabi ko ya rera waƙa, wajibi ne ɗayan ya mayar da martani daidai gwargwado. Ba a barin magana tana rataye babu amsa.

Dukiyar da ba ta mutum ɗaya ba

Akwai wata kalma da duk mai son aiki da Tilingit zai fara koyo: at.óow. Ma'anarta abin da aka mallaka, abin da aka biya. Cikinsa akwai tambarin zuri'a, da hulunan itace masu sassaƙa, da mayafan rawa da ake saƙawa da gashin akuyar dutse da ɓawon itace, waɗanda ɗaya yakan ci wa masaƙiya shekara guda. Akwai kuma abin da hannu ba ya taɓawa: sunaye, da waƙoƙi, da labarai. Kowane yana da zuri'ar da ta mallake shi, sau da yawa domin wani kakanta ya rasa ransa a cikin abin da labarin yake faɗa. Wanda aka danƙa wa hular zuri'a mai tsaro ne kurum, ba shi da ikon sayarwa. Haka kuma mutum ba ya tashi cikin taro ya rera waƙar wata zuri'a ba da yardarta ba.

Dogayen ginshiƙan itace masu sassaƙa da aka san ƙasar da su, su ma na cikin wannan tsari. Ba gumaka ba ne, ba a yi musu sujada. Tambari ne da tarihi, ana kafa su domin tunawa da wani mamaci ko wani babban al'amari.

To, nan ne rikici yake tasowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta san mawallafi mai suna, tana kare aikinsa na wasu shekaru ƙidayayyu. Tsohuwar waƙar da aka gada baki da baki, wajen dokar nan ta kowa ce. Wanda ya naɗe ta cikin na'ura yana da haƙƙi kan naɗin da ya yi, zuri'ar da ta gaje ta kuwa ba ta da komi a takarda. Saboda haka abin da doka ta halatta wa mai sinima yana iya zama sata a idon masu gida.

Abin da ya sa suka daina sakin jiki

Tilingit sun daɗe suna ganin baƙi. A shekara ta 1802 sun rushe sansanin Rashawa kusa da Sitka. A 1804 Aleksanda Baranof ya komo da jiragen yaƙi, Kiks.ádi suka tare shi ƙarƙashin jarumi K'alyáan, aka kwana da yawa ana gwabzawa, har albarushi ya ƙare musu suka janye cikin dare. A 1867 Rasha ta sayar wa Amurka da Alaska kan dalar Amurka miliyan 7 da dubu 200, a Sitka aka sauke tuta aka ɗaga wata, babu wanda ya shawarci masu ƙasa. A 1882 sojan ruwan Amurka suka yi wa ƙauyen Angoon ruwan wuta, suka ƙone gidaje da abincin da aka tanada domin hunturu. Sai ran 26 ga Oktoba 2024, bayan shekara 142, rundunar ta zo ta nemi gafara.

Bayan bindiga sai lakkol. A makarantun kwana na mishan da na gwamnati an riƙa horon yara in an ji suna magana da harshensu. A 1904 gwamna John Brady ya yarda a yi babban taron gargajiya a Sitka da nufin ya zama na ƙarshe. Masu tara kayan tarihi kuma suka bazu cikin ƙauyuka suna saye. Masu hoto suna biye da su, wasu suna jera mutane yadda suka ga dama, su buga hoton a kati su sayar wa masu yawon buɗe ido, babu sunan mai hoton balle na zuri'arsa. Amma tun a zamanin nan an sami wanda ya fita dabam. Elbridge Merrill ya zauna Sitka har rasuwarsa a 1929, ƴan gari suka amince da shi, shi ya ɗauki hotunan taron 1904 waɗanda jikoki suke dubawa yau suna gane kakanninsu.

Shari'ar da ta fi nuna ƙarfin at.óow ita ce ta ƙauyen Klukwan. A 1984 aka kwashe ginshiƙai 4 da wani babban allon sassaƙa daga wani gidan zuri'ar Gaanaxteidí, aka kai su birnin Siyatil domin wani dillalin kayan tarihi ya sayar. Wasu ƴan gidan ne suka yarda da cinikin. Ƙauye ya kai ƙara. A 1993 kotun gargajiya ta Klukwan ta yanke hukunci cewa kayan na zuri'a ne baki ɗaya, babu mai ikon fid da su. A 1994 aka mayar da su gida. Tun 2016 suna cikin gidan ajiyar tarihi da ƙauyen ya gina da kansa.

Miji da mata da na'urar naɗin murya

Hanyar aiki tare ta fara bayyana sosai a hannun Nora Marks Dauenhauer da mijinta Richard. Ita ƴar Tilingit ce ta zuri'ar Lukaax.ádi, an haife ta a 1927, da harshen ta tashi. Shi kuwa baƙo ne, malamin jami'a masanin harsuna. Sun shekara da yawa suna naɗar muryar tsofaffi, suna rubutawa, suna fassarawa. Littafinsu Haa Shuká ya fito a 1987, wasu suka biyo baya a 1990 da 1994. Cikinsa kowane labari yana ɗauke da sunan wanda ya faɗe shi da bayanin zuri'arsa, harshen Tilingit a shafi ɗaya, Ingilishi a shafin da ke kallonsa. Richard ya rasu a 2014, Nora a 2017.

Aikin rubuta harshen nan ba ƙarami ba ne. Yana da baƙaƙe fiye da 40, kuma yana da karin sauti na sama da na ƙasa kamar Hausa. Bahaushe zai ji wasu sautukansa ba baƙi ba ne a kunnensa, domin suna da irin ƙ da ts ɗin nan masu fita da ƙarfi daga maƙogwaro. Sai dai waɗanda suka tashi da shi tun daga nono yau ba su kai 200 ba, kuma kusan dukansu tsofaffi ne. Shi ya sa kowace murya da aka naɗa take da daraja, shi ya sa kuma ake kula da hannun da za ta faɗa.

Baƙuwa da ta zauna

Ellen Frankenstein mai ɗaukan sinima ce kuma mai koyarwa. Ba ƴar ƙabilar ba ce. Tare da Sharon Gmelch, malamar jami'a mai nazarin zaman al'umma, ta fid da wani fim na rabin awa a 1992 mai suna A Matter of Respect, wato "Batun Girmamawa". Har lokacin nan akasarin fina-finai suna nuna ƴan asalin Alaska kamar mutanen da zamaninsu ya wuce. Wannan kuwa ya nuna mutanen Sitka na ranar nan, da bakinsu suke magana. Akwai mai koyar da harshe, akwai masu kamun kifi da shanya shi yadda aka gada, akwai masu sassaƙa da saƙa da rawa, akwai kuma masu gyaran tsofaffin maƙabartu da daji ya cinye. Daga baya, a 2008, Gmelch ta wallafa littafi sukutum kan tarihin haɗuwar Tilingit da masu hoto.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Frankenstein ba ta zama raɓa ba, ta mai da Sitka gida. Ta kafa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Artchange, tana shiga makarantu tana koya wa yara riƙe kamara da shirya labari. Wanda yake zaune cikin gari mai mutum dubu 8 da ƴan kai, gobe zai haɗu a kanti da mutumin da ya ɗauka jiya. In ya yi masa ƙarya ko ya tozarta shi, ba shi da wurin ɓuya. Wannan kansa wani horo ne da mai zuwa na kwana 10 bai sani ba.

Ginshiƙin warkar da zuciya

Aikin da ya fi fito da amfanin haɗin gwiwa shi ne fim na 1997 mai suna Carved from the Heart, wato "An Sassaƙo Daga Zuciya". Frankenstein ta yi shi tare da Louise Brady, ƴar Tilingit ta zuri'ar Kiks.ádi, wadda ta shiga aikin a matsayin abokiyar shiryawa.

Labarin ya faru a Craig, wani ƙaramin garin masunta a tsibirin da ke kudu da Sitka. Wani gwanin masassaƙi, Stan Marsden, ɗan ƙabilar Tsimshian maƙwabtan Tilingit, ya rasa ɗansa saboda hodar ibilis. Baƙin ciki ya danne shi. Daga baya ya yanke shawarar sassaƙa ginshiƙi domin tunawa da yaron, ya kuma buɗe ƙofa ga duk mai son sa hannu. Mutanen gari suka riƙa zuwa, ƴan asali da fararen fata, yara da manya, kowa yana ɗaukan gizago. Suna sassaƙa suna magana. Wannan ya ba da labarin ɗan uwansa da ya kashe kansa, wannan ya faɗi dukan da ya gani cikin gida, wani kuma abin da yaƙin Biyetnam ya bar masa. A 1995 aka taru aka ɗaga ginshiƙin da igiyoyi, da ƙarfin hannu.

Irin wannan magana ba a faɗa wa kowa. Mutum ba ya tona cikinsa gaban kamara sai ya tabbata wanda ke bayanta ba zai sayar da hawayensa ba. Kasancewar ƴar ƙasa cikin masu shirya fim ɗin, wadda ta san yadda ake gaisuwar makoki da inda ake tsayawa, wani babban jingina ne ga masu magana. Bayan fitowarsa an riƙa nuna fim ɗin a makarantu da tarurrukan jama'a domin buɗe zancen shaye-shaye da rashi, abubuwan da aka saba rufewa.

Akwai masu cewa fim ɗin da aka yi da yardar mutane yabo kurum zai zama, ba zai taɓa aibinsu ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin mai neman izini yakan ji nauyin masu ba shi. Amma wannan fim ya taɓo ƙwaya da giya da kisan kai, kuma mutanen garin ne da kansu suka fito da zancen.

Frankenstein ta ci gaba da wannan hanya. A 2014 ta fid da Tracing Roots tare da Delores Churchill, dattijuwa gwanar saƙa ta ƙabilar Haida, wadda ta bi sawun wata hular saiwar itace da aka samu a 1999 tare da gawar wani saurayi da ƙanƙara ta adana shekaru ɗaruruwa a Kanada.

Sharuɗɗan masu gida

Daga al'adar at.óow ne ka'idojin aiki suka fito, kuma ba su da wuyar ganewa. Na farko, izinin mutum ɗaya bai isa ba in abin na zuri'a ne, sai an je wurin shugabanninta. Na biyu, a ambaci mai abu: waƙar wace zuri'a ce, wa ya tsara ta. Na uku, a kiyaye daidaito. In aka nuna jawabin Hankaka aka yanke amsar Mikiya domin lokaci ya yi kaɗan, ɗan kallo na waje ba zai lura ba, amma ɗan gida zai ga an bar bashi ba a biya ba. Na huɗu, masu taro su ne suke faɗin abin da za a ɗauka da inda za a kashe na'ura. Na biyar, a nuna wa mutane aikin kafin a kai shi duniya, a kuma bar musu nasu.

Duk wannan yana cin lokaci da kuɗi. Wani lokaci hoton da ya fi kyau shi ne za a ce a cire. Mai sinima da ya yarda da haka ya rage wa kansa iko, abin da yake samu a madadi shi ne ƙofar da za a sake buɗe masa.

Hanyar komawa a nuna wa mutane hotonsu tana da tarihi a Nijar. Jean Rouch, wanda ya rasu a 2004 kusa da Birnin Ƙonni, ya ɗauki farautar dorina a kogin Kwara a farkon shekarun 1950, daga baya ya koma Ayoru ya haska wa masunta Sorkawa. Suka ce kiɗan da ya sa bai dace ba, domin kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin hali. Ya karɓi gyara, ya cire. Rouch kansa ya ce ya koyi dabarar daga Robert Flaherty, wanda ya riƙa nuna wa Inuwit na arewacin Kanada abin da ya ɗauka lokacin da yake shirya fim ɗinsa na 1922.

Kamara ta koma hannun ƴan gida

Abubuwa sun sake tun daga 1992. Cibiyar raya al'adu ta Sealaska, wadda aka kafa a 1980, tana shirya babban bikin rawa a birnin Juno duk bayan shekara 2 tun daga 1982, ana kuma watsa shi ta talabijin. Dokar tarayya ta 1990 ta ba ƙabilu ikon neman a mayar musu da ƙasusuwan kakanni da kayan zuri'a daga gidajen ajiyar tarihi. A 2014 jihar Alaska ta sa harsunan ƴan asali 20, har da Tilingit, cikin harsunan hukuma. Jami'ar da ke Juno tana koyar da harshen, samari da ƴan mata da ba su tashi da shi ba suna koyo suna koya wa ƴaƴansu.

Louise Brady ita ma ba ta tsaya nan ba. Kowace shekara, wajen watan Maris zuwa Afrilu, wani ƙaramin kifi da ake kira herin yana cika tekun Sitka domin zuba ƙwai. Tun zamanin kakanni Tilingit suke nitsa rassan itace cikin ruwa, ƙwan ya manne a jiki, su ciro su raba har garuruwa masu nisa. Amma manyan jiragen kasuwanci suna kama kifin tun kafin ya zuba, domin a fid da ƙwan a sayar a Japan. A ƙarshen 2018 hukumar ƙabilar Sitka ta kai gwamnatin jiha kotu kan yadda take tafiyar da kamun. Brady tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu kare kifin, ta kuma jagoranci wani gajeren fim mai suna Yáa at Wooné, wato "Girmama Kowane Abu", tare da wani mai ɗaukan hoto mai suna Lee House. A wannan karo sunan fim ɗin da harshen Tilingit yake, labarin kifin kuma yana cikin gadon Kiks.ádi, zuri'ar ita mai shiryawa, saboda haka izini yana cikin gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Baƙuwa ta zo da na'ura da sanin sarrafa ta, ƴan gari suna da harshe da labari da sanin wanda ya mallaki kowane. Cikin kusan shekara 30 an tashi daga fim ɗin da baƙi suka yi kan mutanen Sitka da yardarsu, aka zo wanda aka yi tare, har aka kai ga wanda ƴar gari ta jagoranta. Tsofaffin da suka rage masu jin harshen suna raguwa kowace shekara, aikin naɗar muryarsu kuma yana nan yana jiran hannuwa, na gida da na baƙin da suka yarda su fara da sallama.